Wutsiya Ya Sauka

Duk faɗin Maryland, kai har ka tsallaka kogi ka shiga Virginia, babu mahalukin da ya san surukina kamar yadda na san shi. Ban cire matarsa ba, ban cire 'yarsa da nake aure ba. Na san tarinsa, na san takunsa, na san yadda yake jan magana kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Muryarsa kuwa a aljihuna take. Ni ne mai riƙe lasifika a bukukuwan 'yan Arewa na wannan yanki, kuma ba a tashi taro sai an roƙe ni in yi muryar Baba. Na taɓa kiran maiɗakina daga gareji da wannan murya, ta fito da gudu ba takalmi tana neman ubanta. Da wannan taƙama na shiga makon rasuwarsa, kuma ba ta kai ni ƙarshen wata ba.

Ya rasu lokacin da ganyen itatuwa ya fara ja, a kujerarsa ta barandar baya, a gidansu da ke garin Clinton. Baƙar fata ne ɗan ƙasar nan, Kirista, ya haura tamanin. Kafin azahar gida ya cika da jama'a iri biyu. 'Yan cocinsu suka zo da tire-tire na kaza da makaroni, suna rungumar kowa, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Mutanena suka zo daga Landover da masa da dafa-duka, suka tuɓe takalma a bakin ƙofa, har wata tsohuwar 'yar coci ta tsaya kan tulin tana tambaya ko na sadaka ne.

Wani Alhaji likita, babba a cikinmu, ya kama hannuna ya fara addu'ar da bakinsa ya saba, ya tuna addinin mamacin, ya tsaya a tsakiya kamar mota ta ci birki. Ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Mutumin kirki ne, wallahi mutumin kirki ne." Idonsa ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo. Matar wani abokina kuwa, a gaban kowa, ta ce, "Wai shi ne matuƙin nan da ya kakkaɓo jirage goma?" Maiɗakina tana jin Hausa daidai yadda za ta kama ni da laifi. Ta yi mini kallon da na ji shi har a ƙeya.

Surukata, Mama, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, ta dubi tarhon da ke maƙale a bango, irin na da mai igiya, ta ce, "Lahadi na zuwa." Na ɗauka zancen coci take yi.

To, tunda an tayar da maganar jirage goma, bari in faɗi ko wane ne shi, kada na biki ya zama shi ne tarihi.

Baba bai taɓa tuƙa jirgi ba. A yaƙin Vietnam yana cikin ma'aikatan wani ƙaton jirgin bom mai injin takwas, wanda fikafikansa don tsawo har sunkuyawa suke yi idan yana ƙasa. Mutum shida ne a ciki. Biyar hafsoshi ne, suna gaba tare. Na shidan saje ne, shi kaɗai can ƙarshen wutsiya, cikin wani ɗan akurki mai tagogi, ya ba su baya, bindigogi a gabansa. Wannan shi ne Baba. Sukan tashi daga wani tsibiri a tsakiyar teku, su sha mai a sama, su je su dawo, yini guda cur yana zaune a wurin da ko miƙe ƙafa ba ya yi. Idan jirgi ya girgiza kaɗan a gaba, a wutsiya sai ka ce an sa shi a turmi. A sama ba sa kiran suna, kujera ake kira. Da Hausa zan ce Matuƙi, Mataimaki, Mai Bom, Mai Taswira, Mai Kunne wanda ke sauraron na'urorin abokan gaba, sai Wutsiya. Har suka tsufa haka suke kiran juna. Ni sai a takardar jana'iza na tuna cewa yana da wani suna.

Ranar da na fara zuwa neman aure, na aro kawunnai biyu daga masallaci, muka zo da goro. Na zube a gabansa kamar yadda aka koya mini a Zariya, ido a ƙasa. Ya leƙo yana duba kafet, ya ce, "Me ka yar?" Da aka yi masa bayani ya ce, "Tashi. Mutumin da zai ɗauki 'yata, ina so in ga idonsa." Goron kuwa ya gutsura ɗaya, fuskarsa ta tattare wuri guda, amma ya tauna ya haɗiye don kada ya ba kawunnan aro kunya. Daga baya ya ce mini ya ci abincin soja na gwangwani shekara da shekaru, bai taɓa cin abin da ya tsane shi kamar goro ba.

Yana da ɗabi'u da na mayar abin dariya. A jirgin ƙasa, kujerar da ke kallon baya yake nema. Barandar gaba ba ta taɓa ganin zamansa ba. Babbar cikinsu ita ce ta gaisuwa. Idan ka ce masa, "Baba, ya jiki?" ba zai amsa ba tukuna. Sai ya buɗe hannu, ya dubi faratansa ɗaya bayan ɗaya kamar amarya na duba lalle, ya ja numfashi, sannan ya ce, "Da sauƙi," ko "Gwiwa na ciwo, sauran lafiya." Ni kuwa ɗan gidan da ko ana ɗauke da kai zuwa asibiti "lafiya lau" za ka ce. Idan na ce masa haka da fara'ata, sai ya ƙura mini ido ya ce, "Ka yi saurin amsawa. Ka duba kuwa?" Wannan duban farce shi ne wurin da 'yan biki suka fi faɗuwa da dariya idan ina kwaikwayonsa. Na ɗauka gayu ne na tsohon soja.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi. A wani suna ne a Landover, na ɗauke shi don ya ga yadda muke yi. Lasifika na hannuna, jama'a sun cika, jini ya hau mini. Na ce ga surukina, matuƙin jirgin yaƙi, wanda ya kakkaɓo jirage goma kafin karin kumallo. Wani ɗan gulma ya fassara masa. Tsohon nan ya tashi da sandarsa, ya tako har gaba, ya karɓi lasifikar ya ce, "Ƙarya yake. Saje ne ni, a baya nake zama. Kifi kawai na taɓa harbi, in muna gwada bindiga a kan teku." Ya miƙo mini ya koma ya ci gaba da cin masarsa. Har yau ina kan bakana cewa biki ba kotu ba ne, gishiri kaɗan na ƙara. Shi dai bai ga haka ba. Ya daina yi mini magana har dusar ƙanƙara ta zo ta narke.

Da zai sauko, barandar baya ya kira ni, da rana tsaka, ya ce in zauna in fuskanci inda yake fuskanta. Shingen maƙwabci ne kawai da wata bishiya.

Ya ce, "Su biyar ɗin suna kallon inda za mu. Ni aka ba kallon inda muka baro. Mai Bom zai danna, jirgi ya yi tsalle kamar jakin da aka sauke wa kaya, su sun gama nasu. Ni a nan nawa ke farawa. Ba ka jin ƙara, kun yi nisa da yawa. Ƙasa kawai za ka ga tana tafasa, dogon layi, tana bin ku a baya. Ban san su wane ne a ƙasan ba. Ban taɓa sani ba." Ya juyo ya dube ni. "Kada ka sake sa a yi mini tafi a kan wannan."



Alherinsa ma irin nasa ne, babu kwalliya. Shekarar da mahaifina ya rasu a Zariya, aka binne shi tun kafin in gama neman tikiti. Na shiga ɗaki na rufe. Ni mai surutu, bakina ya mutu. Kowa ya zo da wa'azi. Baba bai zo da komai ba. Kowace safiya wayata za ta yi ƙara, in ɗauka, ya ce, "Kana nan?" In ce, "Ina nan." Ya kashe. Wata rana na ce, "Baba, shi ke nan abin da za ka ce?" Ya ce, "Ba hira na kira ba. Wanda ke zaune shi kaɗai a baya, a kira shi a ji ya amsa, ya isa."

Abin da suke yi ke nan su shida, tun daga sama. Can ƙololuwar sama inda suke shawagi iska ba ta isar mutum, da abin shaƙa a fuska suke rayuwa. Lokaci-lokaci ake bin kujeru ta wayar cikin jirgi, kowa ya amsa. Su biyar suna iya juyawa su ga juna. Wutsiya ba mai ganinsa, muryarsa kaɗai ce shaida. Da yaƙi ya ƙare suka warwatsu, amma ba su bar kiran ba, suka mayar da shi ranar Lahadi bayan coci. Shekaru suka riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya. Idan aka kira kujerar wanda ya mutu, wani ya amsa masa da cewa, "Ya sauka." A ƙarshe saura biyu: Baba, da Mai Taswira, wani Bature siriri da ke gidan kula da tsofaffi a Springfield, wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa. Yakan manta ya ci abinci, yakan manta sunan ɗansa da ke can yammacin ƙasar, amma bai taɓa manta Lahadi ba. Na sha jin kiran muna tsakiyar cin abinci. Tarhon bango ya yi ƙara, Baba ya ɗauka, ka ji yana cewa "Ya sauka" sau huɗu, sannan shiru, sannan "Wutsiya na nan, gwiwa na ciwo."

An gaya wa Mai Taswira rasuwar. Ya yi kuka, ya kwanta, ya tashi ya manta. An binne Baba, sojoji sun naɗe tuta sun miƙa wa Mama, aka busa ƙaho. Lahadi ta zo, tarho ya yi ta ƙara a kicin, muna zaune muna kallonsa kamar maciji ya shigo. Ba wanda ya iya tashi.

A tsakiyar mako wata nas ta kira ni. 'Yar Filato ce, tana aiki a gidan tsofaffin, ta san ni a wurin bukukuwa, ta san Baba saboda yakan je ziyara. Ta ce, "Yallaɓai, sannu da haƙuri. Tsohon nan fa ya ƙi abinci. Ko ruwa sai da dabara. Ya rungume waya, wai Wutsiya bai amsa ba, kuma ba a cin abinci sai kowa ya amsa. Na faɗa masa abokinsa ya rasu, ya ce ni ba 'yar jirginsu ba ce, in fita daga layi. In ya ci gaba haka asibiti za mu kai shi, kuma irinsu in suka tafi ba su cika dawowa ba."

Na ce, "'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Kin kira inda ya dace."

Maiɗakina ta gaji da kuka, ta gaji da baƙi, ta gaji da ni. Da na faɗa mata dabarata ta ce, "Ban sani ba. Yi abin da ka ga dama." Ban tambayi Mama ba. Lahadi na riga ta zuwa gidan, tana coci. Na sha ruwan ɗumi, na gyara maƙogwaro. Tarho ya yi ƙara.

Murya siririya, tana rawa, amma a tsare: "Matuƙi."

Na jawo muryar Baba daga ƙasan ciki: "Ya sauka."

"Mataimaki." Ya sauka. "Mai Bom." Ya sauka. "Mai Kunne." Ya sauka. Wallahi ni kaina tsigar jikina ta tashi.

"Wutsiya."

Na ga babu amfanin wannan dogon shiru na Baba, tunda ba mai ganin farce ta waya, kuma tsoho ya kwana biyu yana jira. Na ga kuma maganar gwiwa ba za ta buɗe wa kowa ciki ba. Tun bai rufe baki ba na ce, da fara'a har da 'yar dariya, "Wutsiya lafiya lau! Garau nake, ban taɓa jin daɗi irin na yau ba!"

Sai da na janye tarhon daga kunne saboda ihun da ya yi. "Wutsiya, duba farcenka! Duba farcenka! Buɗe iskar gaggawa! Matuƙi, yi ƙasa, yi ƙasa, Wutsiya zai tafi!" Na ji faɗuwar tire, na ji gudu, sai muryar nas: "Yallaɓai, me ka ce masa? Yana neman ya fita daga gado!" Layi ya yanke.

Na juya, ga Mama a bakin ƙofar kicin da hular cocinta, jakarta a ƙasa. Ta shigo gidanta ta ji muryar mijin da ta binne yana dariya. Na yi shekaru ina sa mutane dariya da wannan murya, ban taɓa tunanin yadda za ta shiga kunnenta ba.

Ta jawo kujera ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, wanda iskarsa ta yanke a sama ba ya jin ciwo. Daɗi yake ji. Zai yi ta dariya, ya ce maka bai taɓa jin garau irin haka ba, daga nan sai ya sume. Shi ya sa aka koya musu kada su yarda da yadda suke ji. Su duba farce, in ya fara shuɗi to an shiga uku. Shirun nan da kake yi wa dariya a biki, shi ne amsar. Ya taɓa faruwa da shi sau ɗaya, ya amsa da sauri yana waƙa, wancan tsohon ne ya gane, ya sa aka yi ƙasa da jirgi. Da bai gane ba, da babu matar da kake aure." Ta sunkuya ta ɗauki jakarta. "Ɗauko mota."

Daga Clinton zuwa Springfield ba nisa, amma ranar gadar da ke kan kogi ta cushe, muka yi ta rarrafe. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya magani.

Muka same shi a kujera gefen taga, an lulluɓe masa ƙafa, wayar na kan cinyarsa ya riƙe da hannu biyu. Nas ta tsaya a bakin ƙofa. Mama ta zauna gabansa ta dafa gwiwarsa. Ya gane ta, ko dai ya gane cewa ta gida ce. Ta ce, "Sake kira. Daga farko."

Ya miƙe zaune. "Matuƙi."

Mama ta ce, "Ya sauka." Haka ta bi su har huɗu, muryarta ba ta girgiza ba.

"Wutsiya."

Ta buɗe baki, abin ya ƙi fita. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Ta juyo ta dube ni.

Na buɗe hannuna na dubi faratana, ɗaya bayan ɗaya. Ban san me nake nema ba, amma na duba da gaske. Na ja numfashi. Da muryata, ta ɗan Zariya mai karyayyen Turanci, na ce, "Wutsiya ya sauka."

Tsohon ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Lafiya ya sauka?"

Na ce, "A kujerarsa, yana kallon baya."

Ya gyaɗa kai. Hawaye ya bi ta gefen hancinsa, bai share ba. Sannan ya buɗe nasa hannun, ya duba, ya ce wa ɗakin gaba ɗaya, "Mai Taswira na nan." Ya ajiye wayar a kan tebur. Nas ta matso da kwanon miya a hankali kamar mai kama tsuntsu, ya karɓi cokali.

A waje ta gaya mana gaskiya: zai manta kafin Lahadi, zai sake kira. Haka kuwa ake yi. Yanzu kowace Lahadi ina kicin ɗin Mama kafin ta dawo daga coci, ina jiran tarhon bango, in saukar da mutum biyar da bakina. Wani makon ya yi kuka kamar yau ya fara ji, wani makon ya ce "To" kawai. Yana cin abinci. Muryar Baba kuwa na ajiye ta, ko an roƙa a biki sai in ce maƙogwaro na ciwo. Na rubuta wannan ne don jikokinsa, waɗanda nake yi wa Hausa suna mayar mini da Turanci, su san kakansu ba matuƙi ba ne, a baya ya zauna, ya ga abin da ya gani, kuma bai taɓa ce wa kowa lafiya ba sai ya duba.

Amma kafin mu bar ɗakin a ranar, yana tsakiyar shan miya ya nuna ni da cokali ya tambayi Mama, "Wannan mai tumbin fa, wane ne?"

Ta ce, "Mijin 'yarmu ne."

Fuskarsa ta washe. "A'a! Kai ne? Ai Wutsiya ya sha ba ni labarinka."

Na gyara tsayuwa, na ɗan saci kallon Mama don ta shaida. Mutumin da ya manta sunan ɗansa, ga shi bai manta da ni ba. Na ce, "Allah sarki Baba. Me yake cewa?"

Ya kurɓi miya ya ce, "Ya ce duk rayuwarsa kai kaɗai ya taɓa gani iskarka ta yanke kana tsaye a ƙasa, kuma har yau ba ka sume ba."